DAGA WABI ZUWA TAKARDAR GWAJIN JINI: WAIWAYE KAN CIWON SIKILA DA NEMAN AURE A ƘASAR KANKIYA DA KUSADA

Gabatarwa

 

 A wannan fili an saba kawo tarihin sarauta, ko na kasuwa, ko na kafuwar makarantu. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani tarihi da ba a rubuta shi a kundin kowace fada ba, alhali da wuya a sami zuriyar da bai ratsa ta ba, tun daga Rimaye har Yashe, tun daga Kafin Soli har Mawashi. Wannan kuwa shi ne tarihin ciwon amosanin jini, wanda yanzu aka fi sani da sikila, da yadda ya kawo mu zamanin da liman kan nemi takardar asibiti kafin ya tambayi nawa ne sadaki.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Idan mai karatu ya bi mu a hankali, zai ga cewa gwajin jini kafin aure ci gaba ne na binciken da kakanninmu suka saba yi, kuma amfaninsa ya rataya ne a kan lokacin da aka yi shi.

Binciken Aure A Zamanin Iyayenmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan shekaru hamsin da suka wuce ya san ba a ba da mace haka kawai. Idan saurayi ya nuna yana so, kafin a karɓi kuɗin gaisuwar iyaye sai an tashi wani dattijo, galibi baffan yarinya ko kawunta, ya tafi garin su yaron da sunan ziyara ko cin kasuwa. Abin da yake nema sananne ne. Gidan yana da asali? Yaron yana da sana'a? Ana salla? An taɓa kama wani nasu da sata? Daga nan sai a gangaro kan lafiya, a ji ko akwai kuturta ko hauka ko farfaɗiya a zuriyar. Su ma dangin namiji sukan tura tsohuwa ta yi nasu binciken ta cikin gida, wajen masu kitso da bakin rijiya, inda ba a ɓoye magana.

Wannan al'ada tana da madogara a karatun zaure. Littattafan fikihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa, irin su Risala da Muhtasar, sun kawo aibobin da ke ba ɗaya daga cikin ma'aurata zaɓin warware aure idan an ɓoye masa su, kuma hauka da kuturta da albaras suna cikinsu. Ke nan tun asali shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa lafiyar wanda za a aura abin tambaya ce, kuma ɓoye ta zalunci ne.

Sai dai binciken dattijo iyakarsa abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji. Akwai gadon da ke kwance cikin jinin saurayi ƙaƙƙarfa, manomi, wanda bai taɓa kwana asibiti ba, da cikin jinin budurwa lafiyayya. Babu tsohuwar da za ta iya jiyo labarinsa a bakin rijiya, domin masu shi ma ba su san suna ɗauke da shi ba.

Zamanin Wabi

Abin da iyayenmu suka gani shi ne sakamakon. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna komawa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana, sai a ce tana wabi. Daga nan ne muka sami sunaye irin su Ajuji da Ajefas da Ayashe da Abarshi da Abarta, waɗanda ake laƙaba wa jariri don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. 'Yan'uwanmu Yarabawa suna kiran irin wannan yaro abiku, Ibo kuma suna cewa ogbanje. Kowace al'umma ta ga abin, kowace kuma ta yi masa fassara gwargwadon saninta. A wajenmu akan ɗora laifin a kan iska, ko mayu, ko sammun kishiya. Yaron da ya tsallake yaye ya ci gaba da kukan gaɓoɓi kuwa, sai a ce amosani ne ko sanyin ƙashi, a kai shi wajen wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho, a haɗa da jiƙo da turare.

Ba mu ce kowane wabi sikila ba ne. Ƙyanda da sanƙarau da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun kwashe yara masu yawa a wancan zamani. Amma idan aka ga gida ɗaya, uwa ɗaya, yara suna kumburin hannu da ƙafa tun suna rarrafe, idanunsu suna yin ruwan ɗorawa kamar masu shawara, saifa tana kumbura, jini yana ƙarewa, to yau mun san sunan abin.

Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai a shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun ga wannan a rajistar aji ba tare da mun gane ba. Muna tuna wani yaro ɗan aji huɗu a wata makarantar ƙauye da muka koyar a farkon aikinmu. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ya fi kowa lissafi, amma ƙanƙane ne a kan tsararrakinsa. Da zarar hunturu ya kama, ko ruwan damina ya dake shi a hanya, sai a neme shi a rasa har mako biyu. Muka sa masa suna malalaci. Ranar da ya dawo muka yi masa bulala, muka sa shi sharar fili cikin sanyin safiya, wato ainihin abin da ke tayar masa da ciwon. Bai kai aji shida ba. Da muka je ta'aziyya aka ce mana shi ne na uku da mahaifiyarsa ta binne. Sai bayan shekaru masu yawa muka fahimci abin da ya ɗauke shi, kuma har gobe idan muka tuna bulalar nan muna neman gafarar Ubangiji. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda Likitoci Suka Gano Asalin Ciwon

Ciwon ya daɗe a Afirka kafin likitocin Turai su san da shi. Wani shahararren likitan ƙasar Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi diddiginsa a cikin zuriyarsu har zuwa shekarar 1670. To amma a rubuce a fagen likitancin zamani, labarin ya fara ne a birnin Shikago na Amurka. A shekarar 1904 wani saurayi baƙar fata mai suna Walter Clement Noel, wanda ya zo daga tsibirin Giranada don koyon likitancin haƙori, ya kwanta asibiti. Da aka duba jininsa a madubin likita, sai aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa, maimakon su kasance a kewaye kamar faifai, sun lanƙwashe kamar lauje. Likitansa, James Herrick, ya buga wannan bayani a 1910. Kalmar sikila da muke faɗa ta samo asali ne daga sunan lauje a Turance.

A shekarar 1949 aka sami ci gaba biyu. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki. A wannan shekarar kuma James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, kowa a nasa ɓangaren, suka tabbatar da cewa yaro ba ya kamuwa da ciwon sai ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyu. A 1956 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano cewa bambancin himogulobin mai lafiya da na sikila bai wuce ɗigo ɗaya a cikin ginin sinadarin ba.

Wannan ɗigo ɗaya shi ke haddasa duk wahalar. Lafiyayyar ƙwayar jini takan rayu kwana 120, tana da laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba wuya. Ta mai sikila takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙarance yake. Idan kuma sanyi ko zazzaɓi ko ƙishirwa ko gajiya suka same shi, sai ƙwayoyin su ƙage su toshe hanyar jini, nan ne ciwon ƙashi mai sa babba kuka yake tasowa. Idan toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, ƙaramin yaro na iya samun shanyewar ɓarin jiki.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa wannan gado ya yi yawa a ƙasashenmu? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya ba da amsa a 1954. Wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da wata kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. Saboda haka a ƙasar sauro masu AS sun fi tsira, suka girma, suka hayayyafa. Abin da ya zama garkuwa ga mai rabi, shi ya zama jarrabawa ga wanda ya haɗa biyu.

Shaidar Garki

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk labarin nesa ne. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jihar Jigawa. Ƙasa ce irin tamu, ta gero da dawa, damina ɗaya, hunturu ɗaya, mutanenta Hausawa da Fulani. Farfesa Alan Fleming, masanin jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin dubban mutanen yankin, suka buga sakamakon a 1979.

Sun sami masu AS kimanin 24 cikin 100 a tsakanin jarirai, da kimanin 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka haura shekara biyar. Jariran da aka haifa da SS kuwa kusan 2 ne cikin kowane 100. Amma da suka duba manya, sai suka tarar kusan babu mai SS ko kaɗan. Ina suka tafi? Sun rasu tun kafin su isa shiga makaranta. Wannan ne dalilin da ya sa dattawanmu ke cewa a da babu sikila, zamani ne ya kawo ta. Tana nan, sai dai masu ita ba su daɗe har a san su ba. Yawan masu sikila da muke gani yau a makarantu da ofisoshi alama ce ta cewa rigakafi da magani sun fara raya waɗanda a da ake binnewa da sunan wabi.

Lissafin Gado

A matsayinmu na tsofaffin malaman makaranta, bari mu hau allo. Kowane mutum yana gadon harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA bai ɗauke da komai. Mai AS lafiyayye ne, yana noma, yana aikin soja, yana haihuwa, amma yana iya miƙa S ga ɗansa. Mai SS shi ne mai ciwon. Akwai kuma harafin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso da ƙasar Yarabawa, kuma idan ya haɗu da S shi ma yana ba da ciwo.

Idan AA ya auri AS, babu ɗan da zai zo da ciwon. Idan AA ya auri SS, duk 'ya'yan za su zama AS, lafiyayyu. Idan AS ya auri AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS. A lura da kyau, a kowane ciki muka ce. Wasu kan ɗauka cewa idan na fari ya zo da ciwon, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne, kowane ciki sabon lissafi ne. Ana iya haihuwar shida babu ko ɗaya, ana iya haihuwar huɗu uku su zo da shi.

Tun da kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, to a cikin kowane aure goma sha shida da aka ɗaura ba tare da gwaji ba, ana sa ran ɗaya ya haɗa AS da AS. Auren zumunci da muke alfahari da shi ba shi ke ƙirƙirar ciwon ba, amma idan S tana cikin zuriya, ɗan wa da 'yar ƙane sun fi bare yiwuwar haɗuwa a kanta.

Wannan lissafi yana wanke mata daga wani tsohon zargi. Sau nawa muka ga magidanci mai mata biyu, 'ya'yan uwargida lafiya lau, na amarya kullum asibiti, sai dangi su ce amarya ce ta kawo musu ciwo cikin gida, har ta kai ga saki? Gaskiyar magana ita ce maigidan AS ne, uwargida AA, amarya AS. Rabin abin daga wajensa ya fito. Haka nan a kiyaye, wannan gwaji da ake kira jinotayif daban yake da rukunin jini na A da B da O da ake dubawa idan za a yi ƙarin jini.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci ciwon jini na gado ba. A tsibirin Saifurus, inda wani ɗan'uwan sikila mai suna talasimiya ya addabi jama'a, cocin ƙasar ya fara neman takardar gwaji kafin ɗaura aure a 1983, kuma haihuwar masu ciwon ta ragu ƙwarai. Sai dai hanyarsu ta haɗa da auna ɗan tayi da zubar da ciki, abin da dokar ƙasarmu da tarbiyyarmu ba su buɗe ƙofarsa ba. Saboda haka mu namu rigakafin dole ya kasance kafin aure.

Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya kafin aure a shekarar 2004, daidai da 1425 ta Hijira. Dokarsu ta tilasta gwaji, amma ta bar wa masu neman auren zaɓi bayan an yi musu bayani. A shekarar farko, kimanin 9 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka gano jininsu bai dace ba suka fasa. Dalili kuwa a fili yake, ana zuwa gwajin ne bayan an gama shirin biki. Da wayar da kai ta yi nisa, zuwa 2009 adadin masu fasawa ya haura rabi. Maƙwabciyarta Baharain ta ɗauki wata dabara tun a ƙarshen shekarun 1990, ta riƙa auna ɗaliban sakandare kafin maganar aure ta taso, sa'annan ta kafa dokar gwaji a 2004. Haihuwar masu sikila a can ta sauko daga kusan 2 cikin 100 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙasa da 1 cikin 100.

Akwai kuma darasin gargaɗi. A wani ƙauyen ƙasar Girka mai suna Orkomenos an auna jama'a, amma ba a yi musu cikakken bayani ba. Da masu bincike suka koma bayan shekaru bakwai, sai suka tarar an mai da masu AS abin gudu, iyaye suna ɓoye sakamakon 'ya'yansu mata, kuma auren AS da AS bai ragu ba. A Amurka ma, a shekarun 1970, an hana wasu baƙaƙen fata masu AS ayyuka da inshora alhali lafiyarsu ƙalau. Gwajin da babu ilimi da sirri a tare da shi yana iya haifar da ƙyama a maimakon rigakafi.

Inda Nijeriya Ta Kwana

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. A watan Disamba na 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sikila a matsayin babbar matsalar lafiyar al'umma, kuma tun daga 2009 ake tunawa da ita kowace ranar 19 ga Yuni. A cikin gida, Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafa Gidauniyar Sikila ta Nijeriya a Legas a 1994. A 2011 aka yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma, tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gudanar da binciken da ya nuna cewa maganin haidroksiyuriya yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.

A Arewa, gwaji kafin aure ya fara shiga ne ta ƙofar cuta mai karya garkuwar jiki, daga baya aka haɗa da jinotayif. Auren gata da Hukumar Hisba ta Kano ta fara shiryawa a 2012 ya taimaka wajen sabar wa jama'a da zuwa asibiti kafin ɗaurin aure, kuma ma'aurata 1,800 da aka aurar a watan Oktoba na 2023 sai da aka auna su. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da jinotayif, tare da tanadin tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ga wanda ya saɓa. 'Yan'uwanmu mazauna Kano su lura, wannan doka ta shafe su kai tsaye.

Maganin warkewa gaba ɗaya yana nan, amma ya fi ƙarfin talaka. Dashen ɓargo sai an sami ɗan'uwan da jininsa ya dace, ga kuɗi masu yawa. Sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Idan aka kwatanta da kuɗin gwaji, wanda bai kai na turmin atamfa ɗaya a cikin lefe ba, sai a gane hikimar masu cewa rigakafi ya fi magani.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Wasu kan ce wannan shiga hurumin ƙaddara ne. Malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar (RA), lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali.

Matsalarmu a yau ita ce lokaci. Mun taɓa halartar shirin wani biki inda aka kai lefe, aka raba goro da kati, baƙi suka fara sauka daga birni, sai ana saura kwana uku aka je gwaji don liman ya ce sai da takarda. Sakamako ya fito AS da AS. Aka fasa, amma gidajen nan biyu, waɗanda kakansu ɗaya, sun shekara ba sa gaisawa. Mun kuma san inda kunya ta sa aka nemo takardar ƙarya aka ɗaura, yau iyayen suna kwana a kan benci a ɗakin yara na asibiti. Tun ran gini tun ran zane. Gwajin da aka yi bayan sa rana ya zo a makare, domin a lokacin zuciya ta riga ta kamu, dukiya ta fita, mutunci ya shiga ciki.

Saboda haka muna ba wannan ƙungiya da 'yan'uwa shawarwari kamar haka:

Na farko, kowane magidanci ya auna 'ya'yansa maza da mata tun suna ƙanana, ko aƙalla kafin su gama ƙaramar sakandare, a adana takardar tare da takardar haihuwa. Wanda ya san jinotayif ɗinsa tun yana ɗan shekara goma sha biyar zai yi tambaya kafin ya zurfafa.

Na biyu, mazauna birni masu niyyar haɗa 'ya'yansu da na gida, iyaye su fara musayar sakamako a asirce tsakaninsu kafin a furta wa yaran komai. Wannan shi ne aikin da baffa ke yi a da, takarda ce kawai ta ƙaru a aljihunsa.

Na uku, a yi gwajin a asibitin da aka amince da shi, a kuma maimaita a wani wuri dabam, domin ana samun kuskure. Wani gwajin na gaggawa yana nuna akwai S ne kawai, ba ya rarrabe AS da SS. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku zuwa huɗu kafin a auna shi.

Na huɗu, Allah Ya albarkaci Kankiya da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya. Ƙungiya na iya neman haɗin kansu, da na iyayen ƙasa da limamai, a ware kwana biyu a hutun salla, lokacin da kowa ke gida, a auna ɗaliban sakandare da na Islamiyya na Kankiya da Kusada a kan kuɗi kaɗan. Sharaɗi shi ne kowa a ba shi sakamakonsa a rufe, a zaunar da shi a yi masa bayani, kada a karanta na kowa a bainar jama'a.

Na biyar, kada mu manta da waɗanda aka riga aka haifa. Yaro mai sikila da aka gano da wuri, aka yi masa allurar rigakafi, yana kwana cikin gidan sauro, yana shan ruwa da yawa da magungunan da likita ya rubuta, aka kare shi daga sanyi, yana iya girma ya yi karatu ya yi aure. A ƙasashen da suka ci gaba fiye da 90 cikin 100 nasu suna kaiwa girma. Asusun magani da jerin sunayen masu ba da gudummawar jini ba su fi ƙarfin ƙungiyar da ta saba gina azuzuwa da haƙa rijiyoyi ba. Malaman makaranta kuma su san irin waɗannan yara a azuzuwansu, kada a maimaita kuskuren da muka yi.

Kammalawa

Mun taso daga zamanin da uwa ke kiran ɗanta Ajuji don tsoron mutuwa, mun zo zamanin da ɗigon jini ɗaya ke faɗa wa saurayi da budurwa abin da ke gabansu. Kakanninmu ba su da laifi, domin sun yi bincike iyakar saninsu. Mu da Allah Ya nuna wa wannan ilimi, mu za a tambaya idan muka yi sakaci. Mai AS ba abin gudu ba ne, mai SS ma yana da abokin zama a cikin masu AA, waɗanda su ne mafi rinjaye a cikinmu. Abin da ake nema kawai shi ne a sani, kuma a sani da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasar Kankiya da Kusada da Jihar Katsina lafiya. Amin.